Muhawara: Zurfin mujallun mako da inda suke karkata

Usman Kawo: Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masana harkar jarida na wannan zaure. Kullum ana cewa mujallar mako ta fi jaridar kullum zurfi saboda tana da kwana bakwai na bincike, amma kuma babu inda ake ganin karkatar siyasa ƙiri-ƙiri kamar a bangon mujalla. Shin zurfin ne ke jawo karkatar, ko kowanne hanyarsa daban? Kuma mai karatu da bai san ciki da wajen aikin ba, da me zai auna?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam, Malam Usman. Mu fara da kwana bakwan nan, domin ba su cika bakwai ba. A tsarin da aka saba, Litinin editoci ke zama su tsayar da labarin bango. Talata da Laraba wakilai suna fage. Zuwa yammacin Alhamis kowa ya aiko da abin da ya samu. Juma'a a rufe shafuka a kai maɗaba'a cikin dare, Asabar a naɗe a ɗinke a yanke, Lahadi motoci su kama hanya don a wayi gari Litinin tana hannun 'yan talla. Ka ga ainihin kwanakin bincike uku ne, in an ja huɗu. Idan babban abu ya faru ranar Alhamis, sai a ture labarin da aka yi wa aiki a ɗora sabon bango cikin sa'o'i, kuma irin waɗannan fitowar su suka fi cika da kurakurai.

Abu na biyu shi ne wanda ya je wurin ba shi ke rubuta labarin ba. Wakilin Kaduna da na Jos da na Abuja kowa ɗanyen rahoto yake aikowa, sai marubuci ɗaya a hedikwata ya saƙa su wuri guda. Mujallar Time ta Amurka, wadda aka kafa a 1923, ita ta shahara da wannan tsari, kuma shi Newswatch ta bi da ta fara fitowa a Janairun 1985. Shi ya sa za ka ga sunan mutum ɗaya a kan labari, sannan a ƙasa an jera sunayen waɗanda suka taimaka da rahoto. Amfaninsa, labari ya samu faɗi. Illarsa, wakili ya aiko da shafi shida a ɗauki sakin layi biyu, kuma mai zaɓen sakin layin nan yana Ikeja, bai taɓa taka garin da ake magana a kai ba.

Yohanna Sabon Tasha: Hajiya, kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Mu a jihar nan ta Kaduna mun fi kowa sanin wannan, domin rikice-rikicenmu sun sha hawa bango: Kafanchan a Maris 1987, Zangon Kataf a Fabrairu da Mayu 1992, sannan rikicin shari'a a Fabrairun 2000. Babbar karkata a irin waɗannan labarai ba ƙarya ba ce, wurin da aka fara ƙirga tarihi ne. Ɗauki Zangon Kataf. Wani marubuci zai fara daga ranar da aka tashi mayar da kasuwa sabon wuri, ya bi da waɗanda aka kashe a cikin garin. Wani kuma zai fara daga tsohon ƙorafin 'yan ƙabilar Atyap, wato Katafawa, a kan filaye da kuma hakiman da masarautar Zazzau ke naɗa musu. Na uku ya fara daga yadda wutar ta tsallako Kaduna da Zariya a watan Mayu, ko daga kotun Mai Shari'a Benedict Okadigbo da ta yanke wa Janar Zamani Lekwot da wasu hukuncin kisa, wanda daga baya aka sassauta. Kowannensu zai iya rantsuwa cewa bai yi ƙarya ko ɗaya ba, amma mai karatu zai tashi da mai laifi daban a kowane labari. Mujalla mai zurfi ita ce wadda ta ɗauko duka mafarin nan ta ajiye su gefe da gefe, ko da masu sayenta ba za su ji daɗi ba.

Malam Sani Tudun Wada: Maganarka dutse, Malam Yohanna, sai dai a ƙara da cewa ma'aunin ba daidai yake ba tun farko. A wancan zamanin Newswatch, African Concord, Tell, TheNews, duk a Legas suke, masu ba su talla a Legas suke, yawancin masu saye ma a Kudu suke. Wakili ɗaya a Kaduna shi ake ɗora wa jihohi uku ko huɗu. Wannan giɓin ne ya sa Malam Mohammed Haruna, bayan ya bar shugabancin New Nigerian, ya kafa Citizen a nan Kaduna a 1990, tare da su Hajiya Bilkisu Yusuf da Malam Adamu Adamu da Malam Kabiru Yusuf. Ga kuma Sentinel da Hotline, su ma a garin nan. Duk wanda ya karanta Citizen ya san rubutu ne na masu ilimi, ba na gaggawa ba. Amma ba ta kai shekara biyar ba ta tsaya. Da Arewa ta riƙe mujallunta da yanzu ba ma wannan ƙorafin.

Dakta Ishaƙu: Malam Sani, ina tare da kai a kan ingancin Citizen, amma ban yarda a ce maganin karkata shi ne wata karkatar ta ɗaya ɓangaren ba. Citizen ma tana da alƙibla, kuma ba ta ɓoye ta ba: tana kallon ƙasa ne daga Kaduna. Sentinel kuma kowa ya san da hannun Janar Shehu Musa 'Yar'adua a ciki, mutumin da ke neman shugabancin ƙasa a lokacin. To ina bambancin wannan da African Concord ta Cif Abiola?

Sannan kada mu rage wa mujallun Legas abin da suka biya. An kashe Dele Giwa, babban editan Newswatch, da bam ɗin wasiƙa ranar 19 ga Oktoba 1986. A 1987 gwamnatin Babangida ta haramta Newswatch na wata shida saboda ta buga rahoton kwamitin tsara makomar siyasa kafin gwamnati ta sake shi. A 1993 da aka hana TheNews fita, sai suka ɓullo da Tempo, suna bugawa a ɓoye daga wannan maɗaba'a zuwa waccan. A 1995 kotun soja ta ɗaure Kunle Ajibade na TheNews da George Mbah na Tell da Chris Anyanwu ta TSM da Ben Charles Obi na Classique bisa zargin hannu a juyin mulki, ba su fito ba sai 1998 bayan rasuwar Abacha. Mu nan kuma muna da namu: Bagauda Kaltho, wakilin TheNews a Kaduna, ya ɓace a 1996. Sai a 1998 hukuma ta ce wai shi ne ya mutu a fashewar bam na otal ɗin Durbar, abin da iyalinsa da abokan aikinsa ba su yarda da shi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Malam Sani Tudun Wada: Babu mai musun jarumtarsu, Dakta. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma jarumta daban, tabbatar da labari daban.

Hajiya Rabi: Nan kam Malam Sani ya yi gaskiya, kuma akwai dalili na aiki. Mutumin da ke buya ba zai iya kiran wanda yake zargi ya ce masa ga abin da za mu buga, me za ka ce ba, domin kiran nan kaɗai ya isa a kama shi ko a kwashe mujallar a maɗaba'a. Sai aka saba da labari mai ƙafa ɗaya: majiya ce daga fadar gwamnati, ba suna, ba takarda, ba martani. A zamanin soja akwai uzuri. Matsalar ita ce soja sun tafi a 1999, ɗabi'ar ba ta tafi ba. Yara masu tasowa suka ɗauka haka ake bincike.

Alhaji Garba Dillali: Ku masu alƙalami kun yi naku, bari a ji daga bakin tebur. Mujalla ba sayarwa ake yi wa dillali kai tsaye ba, ba shi ake yi ya sayar, abin da ya yi kwantai ya mayar. Ɗan talla yana da ladansa a kan kowane kwafi, babban dillali yana da nasa, mai mota yana da nasa. Mu ɗauka an buga dubu goma, aka sayar da dubu shida. Kuɗin takarda da tawada na dubu goman nan duka an riga an biya, dubu huɗun da suka rage kuma sai dai a yage bangon a mayar shaida, sauran a auna a kilo a sayar wa masu tsire da ƙosai. Kuɗin dubu shidan ma ba ranar zai shigo ba, sai bayan makonni.

To me ke rage kwantai? Bango. Ku tsaya ku kalli teburin ɗan jarida a Ahmadu Bello Way da safe: an shimfiɗa su an danne da duwatsu kada iska ta kwashe, mutum goma sun kewaye suna karatun kyauta, ɗaya ne zai sa hannu a aljihu. Wannan ɗayan daƙiƙa kaɗan yake da su ya yanke shawara, kuma abin da yake gani fuska ce da kalma huɗu ko biyar. Fuskar shugaba da kanun tashin hankali suna tafiya. Labarin taki ko na asibitocin karkara, komai kyansa, kwantai yake yi. Edita ya san wannan sarai tun kafin ya shiga taron Litinin.

Maryam Unguwar Rimi: Baba Alhaji, in ƙara da lissafin maɗaba'a, domin shi ke nuna inda wuƙar take. Ana buga cikin mujalla ne kashi-kashi, kowane kashi shafi 16, takwas a kowace fuskar babbar takarda. Shi ya sa kuke ganin shafi 48 ko 64, ban da bango mai shafi huɗu da ake bugawa daban a takarda mai sheƙi. Idan da launi ne, kowace fuska tana cin filet (farantin da injin bugawa ke ɗaukar hoton shafi daga jikinsa) huɗu, wato kashi ɗaya filet takwas, mujalla mai shafi 48 kuma filet 24 kafin a zo kan bango. Takardar daga waje ake shigo da ita, tunda masana'antar takardar jarida ta Oku Iboku ta daɗe da tsayawa, don haka duk motsin dala sai ya taɓa ta. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 abin ya ƙara muni.

Ma'anar wannan ita ce kuɗin sayarwa ba ya ɗaukar mujalla, talla ke ɗaukarta. A ƙasar nan kuma manyan masu talla su ne gwamnatoci, bankuna da kamfanonin waya. Nan ne aka samu abin da ya fi kashe zurfi: kashi na musamman. Gwamna ya cika kwana 100 ko shekara ɗaya, sai jiha ta sayi kashi guda mai shafi 16, a cika shi da hotunan tituna da rijiyoyin burtsatse, a buga shi da irin haruffan labarai, alamar cewa talla ce kuma a sa ta ƙanana a can saman shafi, in ma an sa. Sau da yawa wakilin jihar ne ke nemo wannan tallar, yana da kasonsa a ciki, alhali albashinsa ya yi watanni bai zo ba. Ta yaya zai binciki kwangilar titin da hotonsa ke ciyar da shi? Ba sai an kira edita an tsorata shi ba, labarin ne kawai ba za a taɓa kawo shi taro ba.

Usman Kawo: Wannan ya wayar min da kai ƙwarai. To ta yaya mutum zai gane labarin da ba a buga ba?

Dakta Ishaƙu: Da fitowa ɗaya ba za ka gane ba, Malam Usman. Tara fitowa 12 a jere, wato wata uku, ka samu takarda ka ja layuka. Fara da bango: waye a kai, yabo ne ko suka, wane irin hoto aka zaɓa masa. Sannan ka jera jihohi da hukumomin da suka sa talla a wata ukun nan, ka duba ko akwai labarin suka ko ɗaya a kansu. Idan jiha tana fama da yajin aikin malamai, rediyo na faɗa kullum, mujallar kuma shiru sai hotunan gwamna yana yanka kirtani, ka samu amsarka.

Zurfi kuma a cikin babban labarin ake auna shi. Ƙirga mutanen da aka ambata da suna da muƙami, ka ware su daga majiyoyin da ba suna. Majiya marar suna ba laifi ba ce, amma a gaya maka matsayinta da dalilin sakaya ta, kuma a samu ta biyu da ba daga ofis ɗaya suke ba. Mutum uku daga sansanin ɗan siyasa ɗaya majiya ɗaya ce. Duba ko akwai takarda: kasafin kuɗi, rahoton babban mai binciken kuɗi, hukuncin kotu, wasiƙar kwangila mai lamba da kwanan wata. Duba ko wakilin ya je wurin, domin wanda ya je zai gaya maka kilomita nawa aka zuba wa kwalta da inda aikin ya tsaya, wanda bai je ba sai ya ce aikin na tafiyar hawainiya. Duba adadi: in an ce an kashe biliyan kaza, an kwatanta da abin da aka ware da abin da aka saki? Waɗannan ukun ba ɗaya ba ne, kuma a nan rahotanni da yawa ke faɗuwa. Daga ƙarshe nemi martanin wanda ake zargi. A sakin layi na nawa aka sa shi? An ba shi kwana nawa? Jimlar nan ta cewa an kira wayarsa ba ta shiga ba, sau da yawa kira ɗaya ne da yammacin Juma'a ana dab da rufe shafi.

Yohanna Sabon Tasha: A ƙara da ɗaya, Dakta: a labarin rikici, a duba adadin mamata daga bakin wa ya fito. 'Yan sanda, asibiti, shugabannin al'umma, kowa da nasa lissafin. Mujallar kirki za ta kawo su duka ta ce ga na wane ga na wane. Wadda ta ɗauki mafi yawa ta ɗora a bango ta riga ta zaɓi ɓangare.

Malam Sani Tudun Wada: Ni kuma ina ganin a bi sawun mutanen ma. Bayo Onanuga na TheNews ya shugabanci kamfanin dillancin labarai na NAN, yanzu kuma mai ba Shugaba Tinubu shawara ne kan yaɗa labarai. Babafemi Ojudu, shi ma na TheNews, ya zama sanata daga Ekiti a 2011.

Dakta Ishaƙu: Haka ne, kuma Malam Adamu Adamu ya yi ministan ilimi daga 2015 zuwa 2023, Malam Mohammed Haruna ya yi kakakin Janar Abdulsalami, daga baya ya zama kwamishina a INEC. Ƙofar nan Kudu da Arewa duk ana bi. Ba ta nuna cewa abin da mutum ya rubuta shekaru 20 da suka wuce ƙarya ne. Abin da take nunawa shi ne manyan 'yan jarida da manyan 'yan siyasa zaure ɗaya suke zama, don haka a auna rubutun da abin da ke cikinsa.

Usman Kawo: Na ƙasashen waje fa? Wasu na cewa The Economist ita ce ma'auni.

Hajiya Rabi: Ma'auni ce a tsafta da iya taƙaita magana, amma ba a rashin ɓangare ba, kuma ita kanta ba ta taɓa cewa ba ta da shi ba. An kafa ta a 1843 don yaƙar harajin da Ingila ke ɗora wa hatsin waje, har gobe kuma a kan sakin kasuwa take. Ta goyi bayan yaƙin Iraƙi a 2003. A 2015 ta fito ta ce gara Buhari da Jonathan. Ba ta sa sunan marubuci, murya ɗaya take magana da ita. In ka karanta abin da ta rubuta a kan tallafin mai ko darajar naira, ka san alƙiblar tun kafin ka buɗe, sai ka ɗauki adadin ka auna shawarar da kanka. Ni wannan ya fi min sauƙin mu'amala a kan mujallar da ke rantsuwa ba ruwanta, alhali kashi ɗaya cikin uku na shafukanta gwamna ya saya. Rauninta a kanmu shi ne na nesa: wakili kaɗan, ƙasa mai faɗi, labarin Arewa kuma sau da yawa daga Legas ko Abuja ake rubuta shi.

Kuma kada a ɗauka kuɗi da yawan ma'aikata suna hana ɓarna. Der Spiegel ta Jamus tana da sashe guda na masu tantance bayanai, amma a Disambar 2018 ta bayyana cewa fitaccen marubucinta Claas Relotius ya yi shekaru yana ƙirƙirar mutane da maganganu. Abokin aikinsa Juan Moreno ne ya tona shi, ba sashen tantancewa ba. Masu tantancewa suna iya duba kwanan wata da sunan gari, amma ba su iya duba hirar da aka ce an yi da wani a ƙauye ba tare da rikodi ba. Labaran Relotius kuma sun zo daidai da abin da editoci ke tsammanin ji, shi ya sa ba a tsananta tambaya ba.

Maryam Unguwar Rimi: Abin da ke damuna ni shi ne duk wannan da Turanci ake yi. Da Hausa an yi Fitila ta su Dakta Bala Usman, an yi Rana ta gidan Hotline, ga Fim da Malam Ibrahim Sheme ya fara a 1999, amma ita ta harkar fina-finai ce. Aminiya tana fitowa mako-mako tun 2006, sai dai jarida ce, ba mujallar dogon bincike ba. Mai jin Hausa rediyo ya riƙe, rediyo kuma minti uku yake ba labarin da ke buƙatar shafi takwas. Yanzu dogon bincike ya koma intanet, wurin su Premium Times da HumAngle da WikkiTimes, inda babu kuɗin takarda, amma da yawa tallafin ƙungiyoyin waje ke riƙe su, su ma masu tallafin suna da batutuwan da suka fi so. Ga dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 da ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙata, abin da su Dele Giwa ba su samu ba, amma 'yan jaridar Hausa ƙalilan ne ke amfani da ita.

Alhaji Garba Dillali: 'Yata, wanda duk zai gwada ta Hausa a takarda, kada ya fara da mako-mako. Ya fara da wata-wata, shafi 32, kashi ɗaya mai launi ɗaya baƙi da fari, ya nemi masu biyan kuɗin shekara tun gaba, makarantu da ɗakunan karatu da ƙungiyoyi, domin kwafin da aka biya kafin a buga ba ya kwantai. Kuma ya ajiye kuɗin bugu shida a hannu kafin fitowar farko, tunda kuɗin dillalai baya yake biyowa.

Yohanna Sabon Tasha: Ina da shawara, tunda Dakta ya ba mu ma'auni. A nemo Citizen da Tell da Newswatch na watan Mayu da Yunin 1992, a ɗora su a kan layukan nan, mu ga wa ya ambaci majiya nawa, wa ya je Zangon Kataf da ƙafarsa, wa ya fara tarihin daga ina.

Dakta Ishaƙu: Na amince. A fara tambaya a ɗakin karatu na Arewa House da ke Rabah Road, in ba a samu duka ba sai a gwada ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a jami'ar Zariya. Wanda ya je ya ɗauki hoton bango da shafin jerin ma'aikata da duk shafukan talla, ba labarin kaɗai ba. Malam Sani ya auna Tell, Malam Yohanna ya auna Citizen, Hajiya kuma ta riƙe Newswatch.

Malam Sani Tudun Wada: Na karɓa. A turo hotunan a jere da lambar shafi a jiki, kada a yanke gefen da kwanan wata yake.